Sufurin Jama'a A Lafiya: Lissafin Da Ya Kamata A Yi Kafin A Sayo Bas

A ranar 1 ga watan Oktoba na shekarar 1996, lokacin da gwamnatin Janar Sani Abacha ta yanko Jihar Nasarawa daga cikin tsohuwar Jihar Filato, garin Lafiya ya kwana yana hedkwatar ƙaramar hukuma, ya wayi gari yana babban birnin jiha. A wancan zamani mai harka a cikin gari yakan iya biyan yawancin bukatunsa da ƙafa ko bisa keke. Tun daga sannan ma'aikatu suka taso, ma'aikata suka kwararo daga Jos da iyalansu, aka kafa Jami'ar Tarayya a shekarar 2011, unguwanni kuma suka yi ta miƙewa a bakin manyan hanyoyi har suka haɗe da ƙauyukan da a da ake yi musu kallon nesa. Ƙidayar jama'a ta shekarar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Lafiya mutum 330,712, birni da karkara. Idan aka ɗauka cewa jama'a na ƙaruwa da kashi 3 cikin ɗari a kowace shekara, to, cikin shekara ashirin wannan adadi zai kusa kaiwa 600,000.

Sai dai har yanzu abin da ke ɗaukar wannan jama'a daga gida zuwa kasuwa, ofis, makaranta da asibiti shi ne babur ɗin acaɓa da Keke Napep. Babu wanda ya zauna ya tsara haka. Bukata ce ta taso, matasa marasa aikin yi suka tare ta, masu ɗan jari kuma suka saya musu abin hawa suna karɓar balas kullum. Wannan tsari ya yi wa garin aiki shekara da shekaru, kuma ba adalci ba ne a raina shi. Amma tun ranar 29 ga watan Mayu na shekarar 2023, da aka janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kana ta zarce naira 1,000 a watan Oktoba na shekarar 2024, rauninsa ya fito fili. Ƙaramin ma'aikaci ya ga kuɗin mota na cinye masa wani babban yanki na albashi, mai shago ya ga yaronsa na makara, mai keke kuma ya ga bayan ya sayi mai ya biya balas abin da ke saura a aljihunsa bai taka kara ya karya ba.

A duk lokacin da aka shiga irin wannan hali, maganar farko da ke fitowa daga bakin jama'a da mahukunta ita ce a sayo motocin bas. Kafin ɗan kasuwa ya sa kuɗinsa a wannan harka, ko ya yi na'am da a sa kuɗin harajinsa, ya kamata ya san cewa an sha bin wannan hanya. A shekarar 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙaddamar da shirin sufurin jama'a na birane, domin rage raɗaɗin shirin gyaran tattalin arziki na SAP, jihohi kuma suka kafa kamfanonin sufuri aka raba musu motoci. A watan Janairu na shekarar 2012, bayan zanga-zangar janye tallafin mai, gwamnatin Goodluck Jonathan ta sake sanar da samar da bas 1,600. Mai neman waɗannan motoci a titunan biranen ƙasar nan yau zai sha wuya. Kamfanonin jihohi da suka rayu, irin su Benue Links da motocinsa ke ratsa Lafiya kullum, sun rayu ne bisa jigila daga gari zuwa gari, inda ake cika mota a tasha kafin ta tashi, kuɗin kujera kuma yana da kauri. Jigilar cikin gari, wadda dominta aka yi shirin tun farko, ita ce aka bar wa acaɓa.

Akan ɗora laifin a kan rashin kulawa da kayan gwamnati da kuma halin ɓera, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma ko da an sami amintattun mutane, lissafin da aka ɗora harkar a kansa ba zai bar ta ta rayu ba. Ga yadda abin yake.

A ɗauki misali, kuma mai karatu ya lura cewa alƙaluman da ke tafe na kwatance ne, yana iya canza su da farashin ranar da yake lissafi. A ce babur yana tafiyar kilomita 40 da lita ɗaya, yana ɗauke da fasinja guda. Keke yana yin kilomita 25 da lita ɗaya, da fasinja huɗu. Bas mai kujera 18 tana yin kilomita 8 kacal. Idan aka ninka nisan da yawan fasinja, za a ga lita ɗaya ta yi aikin 40 a babur, 100 a keke, 144 a bas. Watau bas cikakkiya ta fi kowa arahar mai, ta ninka babur fiye da sau uku. To, amma idan bas ɗin nan ta tashi da mutum tara, aikin litarta ya faɗo zuwa 72, keke cikakke ya sha gabanta. Sai ta ɗauki mutum 13 kafin ta kamo shi. Wannan shi ne dalilin da ya sa bas ba ta da amfani a kowace hanya. Wurinta shi ne inda jama'a ke tafiya da yawa, a lokaci ɗaya, zuwa waje ɗaya. A lungunan unguwa, inda fasinja ke fitowa ɗaiɗai, keke ne sarki, kuma duk wanda ya ce zai kore shi daga can da bas, asara zai tafka.

Mai kuwa ba shi ne babban nauyi ba, ko da yake shi ne a bakin kowa. A ce an sayi bas ɗin a kan naira miliyan 30, za ta yi aikin shekara biyar, kwana 300 a shekara. Kwana 1,500 ke nan, saboda haka kowace ranar aiki motar tana cin naira 20,000 daga cikin kuɗin da aka saye ta. Wannan shi ne kuɗin tsufan mota. Ba wanda ke zuwa karɓarsa da yamma kamar yadda mai gidan mai ke karɓar nasa, shi ya sa ake mantawa da shi, amma idan ba a ware shi kullum ba, ranar da motar ta kwanta babu abin sayen wata. Sa'an nan ga kuɗin ruwa. Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari a watan Nuwamba na shekarar 2024, bankunan kasuwanci kuwa sama da haka suke ba da rance. Idan aka ci bashin miliyan 30 a kan kashi 30 cikin ɗari, kuɗin ruwan shekarar farko naira miliyan 9 ne, watau naira 30,000 a kowace ranar aiki. Jimla naira 50,000 ke nan tun direba bai murza makulli ba. Ko wanda ya saya da kuɗin aljihunsa bai tsira daga wannan lissafi ba, domin da ya sa kuɗin a riɗi ko shinkafa da sun kawo masa riba, kuma wannan ribar da ya bari ita ce nasa kuɗin ruwan.

Yanzu a sa motar a hanya mai tsawon kilomita 10, ta yi sawu 16 a yini, da fasinja 13 a kowane sawu. Ta ɗauki mutum 208, ta yi tafiyar kilomita 160, ta sha lita 20. Idan lita tana naira 1,000, kuɗin mai 20,000 ne, ƙasa da naira 100 a kan kowane fasinja. Amma kuɗin tsufa da na ruwa sun kai naira 240 a kan kowane fasinja, ba a kuma zo kan albashin direba da kwandasta ba, balle taya, baƙin mai, bakanike da kuɗin tasha. Duk gwamnatin da ta yanka kuɗin mota naira 100 ko 150 domin jama'a su ji daɗi, ba tare da ta tanadi inda za a cike giɓin ba, ta riga ta rubuta ranar mutuwar motar. Za a yi ta aiki ana murna shekara ɗaya ko biyu, domin kuɗin da ke shigowa yana isar mai da albashi, sai ranar da inji ya buga a tarar da asusu wayam. Daga nan a fara cire kayan wata mota ana gyara wata, har a wayi gari harabar kamfanin ta zama maƙabartar motoci. Daɗin daɗawa, a lokacin da hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, kamar yadda ta kai a watan Disamba na shekarar 2024, ko wanda ya tara miliyan 30 ɗinsa cif ba zai sami irin motar a tsohon farashi ba.

Abubuwa biyu ne ke iya rage wannan nauyi, kuma duka biyun suna hannun hukuma. Na farko shi ne arahar jari. Idan aka samar da rancen nan a kan kashi 9 cikin ɗari maimakon 30, kuɗin ruwan yini zai sauko daga 30,000 zuwa 9,000, nauyin da ke kan fasinja kuma ya sauko daga naira 240 zuwa kimanin 140. An rage naira 100 daga kuɗin mota ke nan, daidai da a ce an ba da man kyauta, alhali motar na nan a hannun mai ita, wanda ya san zafin kuɗinsa kuma shi zai kwana yana tunanin gyaranta. Tallafin da aka zuba a kuɗin ruwa ana iya ƙididdige shi tun daga ranar farko, yana kuma da ranar ƙarewa. Wanda aka zuba a kamfanin gwamnati rijiya ce gaba dubu.

Na biyu shi ne lokaci, kuma a nan ne siffar garin Lafiya ta shigo cikin lissafin. Idan cunkoso da jiran lodi suka rage sawun motar daga 16 zuwa 12, fasinjojin yini sun koma 156, naira 50,000 ɗin nan kuwa tana nan ba ta ragu ba, sai nauyin kowane fasinja ya tashi zuwa naira 320. Mota mai tsada da ke tsaye a cikin cunkoso tana cin kuɗi ne kamar dokin da aka ɗaure ana ba shi dawa. Saboda haka duk abin da zai sa bas ta yi sauri, kamar keɓe mata gefen titi, da hana ajiye motoci da baza kaya a inda take bi, da kafa mata wuraren tsayawa sanannu, ragin kuɗin mota ne kai tsaye, ko da ba a ba kowa ko kwabo ba.

Allah ya yi wa Lafiya gyaɗar dogo ta wannan fuska. Garin ya ginu ne a kan manyan hanyoyi huɗu da suka haɗu a tsakiyarsa. Hanyar Jos ta yi arewa, ta bi ta Bukan Sidi da Ombi, inda kwalejin kimiyya da fasaha ta Isa Mustapha Agwai take, ta wuce Shabu ta nufi Akwanga. Hanyar Makurɗi ta yi kudu ta Tudun Kauri da Gandu, mazaunin Jami'ar Tarayya, har zuwa Agyaragu. Hanyar Shendam ta yi gabas, a kanta Gidan Gwamnati yake, ta fita ta Akurba. Ta huɗu ita ce hanyar Doma. Kusan duk wani wurin da ke tara jama'a da safe yana bakin ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi ko kusa da ita. Ma'anar wannan ga mai lissafi ita ce layi biyu rak, ɗaya daga Shabu zuwa Gandu, ɗaya daga Akurba zuwa hanyar Doma, za su iya ɗaukar kaso mai tsoka na zirga-zirgar garin, kuma a kansu ne ake da tabbacin samun fasinja 13 ɗin da bas ke bukata. Akwai wata fa'ida kuma: da yake makarantu na bakin gari, kasuwa da ofisoshi na ciki, motar za ta sami fasinja zuwa da dawowa, ba za ta komo wayam ba kamar yadda ke faruwa a hanyar Mararaba zuwa Abuja, inda kowa ke nufar gari ɗaya da safe.

An kuma riga an kashe kuɗi masu yawa a kan hanyoyin. Gwamnatin Umaru Tanko Al-Makura, daga 2011 zuwa 2019, ta shimfiɗa titunan cikin gari. An mai da hanyar Keffi zuwa Akwanga, Lafiya da Makurɗi tagwaye da rancen bankin Exim na ƙasar Sin, aka fara karɓar kuɗin bin ta a watan Fabrairu na shekarar 2025. Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe sabuwar tashar mota ta Lafiya a watan Fabrairu na shekarar 2022, Shugaba Bola Tinubu kuma ya buɗe gadar sama ta tsakiyar gari a watan Yuni na shekarar 2025, duka a zamanin Gwamna Abdullahi Sule. An kuma sa hanyar kewaye gari cikin kashi na biyu na kwangilar hanyar Makurɗi, domin fitar da tireloli daga tsakiyar jama'a. Waɗannan ayyuka ne na gaske, sai dai gada da faɗin titi motoci suke saukaka wa tafiya, ba su rage wa fasinja kuɗin mota, kuma abin da aka gani a manyan birane shi ne duk filin da aka buɗe a kan titi, in ba a ba bas ba tun da wuri, ƙananan motoci da masu talla za su cike shi cikin 'yan shekaru. Ware layin bas a titin da bai riga ya cushe ba fenti ne da 'yan duwatsu da ma'aikatan kula. Ware shi bayan ya cushe rusau ne da biyan diyya da rigima. Mutanen Karu da Mararaba, a cikin wannan jiha, sun san farashin jinkiri.

Saura babbar tambaya: ina za a kai masu keke da 'yan acaɓa? Kano ta ba da darasi biyu a kan wannan. A watan Janairu na shekarar 2013, bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, an hana acaɓa a cikin birni, amma ba bas ce ta maye gurbinsa ba, A Daidaita Sahu ne ya cika gari. A ƙarshen watan Nuwamba na shekarar 2022 kuma gwamnatin jihar ta hana A Daidaita Sahu bin wasu manyan tituna domin ba sababbin motocinta hanya, sai jama'a suka yi cirko-cirko a bakin titi saboda motocin ba su isa ba, ala tilas aka janye dokar nan da nan. Ba a kwace wa makaho sanda sai an ba shi ɗan jagora.

Legas ta bi wata hanya dabam. Lokacin da hukumar LAMATA ta buɗe layin bas na farko mai keɓaɓɓiyar hanya a watan Maris na shekarar 2008, daga Mile 12 zuwa CMS, tsawon kilomita 22, ba ta kori 'yan ƙungiyar direbobi ta NURTW ba. An sa su sun kafa ƙungiyar gama kai, banki ya ba su rancen sayen bas 100, gwamnati ta gina hanya ta kafa ƙa'ida, su kuma suka yi jigila suna biyan bashi daga kuɗin tikiti. Waɗanda da su ne za su tada ƙayar baya sai suka zama masu hannun jari. Lafiya ba Legas ba ce, ba ta kuma bukatar manyan motoci masu ɗaukar mutum saba'in, amma dabarar tana aiki a kowane gari. Mutumin da ke da keke biyar yana karɓar balas ya riga ya zama ɗan kasuwar sufuri. Idan irinsa goma suka haɗa kai aka ba su layi na shekara biyar a rubuce, da sharaɗin yawan motoci, lokacin tashi da kuɗin mota da za a riƙa dubawa idan farashin mai ya motsa, to, suna da takardar da za su kai banki. Banki ba ya ba da rance a kan mota kawai, domin mota na iya faɗawa rami gobe. Yana bayarwa ne a kan tabbacin kuɗin shiga, layin da aka keɓe kuwa shi ne wannan tabbaci. Keke kuma ya koma ɗauko mutane daga cikin unguwa zuwa bakin babbar hanya, gajeren sawu mai yawa, wanda a lissafin mai da taya ya fi masa doguwar tafiya riba.

Game da iskar gas ta CNG da lantarki, waɗanda ake ta magana a kansu tun da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirinta na CNG a shekarar 2023, lissafin da ya gabata ya riga ya nuna matsayinsu. Ko da gas ya rage kuɗin mai da rabi, abin da zai sauka daga kan fasinja a misalin nan bai wuce naira 50 ba. Ragi ne mai amfani, ga kuma raguwar hayaƙi, amma bai kai na kuɗin ruwa ko na saurin tafiya ba. Bugu da ƙari, bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano bai biyo ta Lafiya ba, don haka gas ɗin da za a sha a garin a mota za a kawo shi, kuma tilas mai jari ya tabbatar da inda zai riƙa samu kullum kafin ya juya injin motarsa. Ta fuskar lantarki, babbar tashar wuta ta Akurba da aka buɗe a shekarar 2022 ta kyautata matsayin garin, Maiduguri kuma, ƙasar kakannin waɗanda suka kafa Lafiyan Barebari, ta sa motocin haya masu lantarki a titi tun watan Disamba na shekarar 2023. Sai dai motar lantarki arahar gudu gare ta da tsadar saye, watau tana ƙara nauyi ne a daidai inda ya riga ya fi yawa. A kan rancen kashi 30 cikin ɗari ba za ta fitar da kanta ba. A kan rance mai sauƙi, da layi tabbatacce mai sawu da yawa a yini, tana iya fin ta fetur.

Akwai kuma wata kadara da garin ya gada wadda ba a cika tunawa da ita ba. Layin dogo na gabas, wanda ya taso daga Fatakwal ya bi ta Inugu da Makurɗi ya haɗe da na arewa ta Kafancan a shekarar 1927, ya ratsa Lafiya daga kudu zuwa arewa. Jirgi ya daɗe bai bi ta kansa ba, kuma garin bai kai girman da zai ciyar da jirgin cikin gari ba tukuna. Amma filin da dogon ya bi miƙaƙƙe ne, mallakar hukumar jiragen ƙasa ne, kuma babu kuɗin da zai sake samar da irinsa a tsakiyar gari idan aka bari gine-gine suka cinye shi. Hukumar raya birane ta jihar da hukumar NAGIS mai kula da taswirar filaye suna da ikon hana ba da izinin gini a gefensa, da kuma ware filayen tsayawar bas a Shabu, Gandu da Akurba tun filin can yana da sauran araha.